Diddigar Gahawa da Ganyen Shayi: Abin da Ƙasar Gamu Ke Bukata

Shirinmu na musamman yau ya leƙa Gamu, cikin yankin Gure a jihar Damagaram, kuma zancenmu a kan abin da ke saura ne a gindin buta bayan an gama sha: diddigar gahawa da ganyen shayin da aka tafasa aka zubar.

A ƙasashen da ake shan gahawa safe da yamma, masu garka sun daɗe suna tara diddigarta suna kai wa shuka. To amma mai sauraro a Gamu zai ce, Malam, wace diddiga? Gahawar da muke sha wajen mai shayi ai gari ce, cokali guda a ruwan zafi ta narke, ko ƙwaya ba ta bari. Gaskiyarka. Kuma dalilin da ya sa ba ta barin komai, labari ne da ya kama ni ƙwarai, ku ba ni minti biyu.

A shekarar 1929 kasuwannin duniya suka rushe, farashin gahawa ya faɗi warwas. Ƙasar Birazil, wadda ta fi kowa nomanta, ta wayi gari rumbuna cike, babu mai saye. Daga 1931 sai gwamnati ta shiga ƙona ta. Ku ji da kyau, ƙona ta! Wata aka watsa cikin teku, wata aka cuɗa da kwalta aka zuba wa jirgin ƙasa a madadin gawayi. Kafin 1944 an hallaka buhu kusan miliyan 78, kowane buhu kilo 60. Gumin manomi ke nan yana tashi hayaƙi shekara da shekaru. Cikin wannan hali ne mutanen Birazil suka nemi kamfanin Nestlé na Suwizalan ya samo dabarar adana gahawa ba tare da ta lalace ba. Wani masanin haɗa sinadarai, Max Morgenthaler, ya yi shekaru yana fama, har ran 1 ga Afrilu 1938 aka fito da Nescafé. Dabarar ita ce a dafa gahawar tun a masana'anta, a busar da ruwanta ya koma gari. Diddigar can take zama, can ake ƙona ta a hura tukwanen injin. Mu ruwan kawai ke iso mana, a busasshe.

Saboda haka diddigar gahawa sai a gidan da ake daka ƙwayar a dafa ta da citta, ko a manyan gidajen abinci na birni. Abin da muke da shi a yalwace shi ne ganyen shayi. Ku dubi kowace fada da la'asar: buta kan gawayi, a sha na fari mai ɗaci, a sha na biyu, a sha na uku, sannan yaro ya ɗauki butar ya kife ganyen a gefen katanga. Gobe haka, jibi haka, a kowace unguwa. Wannan ganye da waccan diddiga aikinsu a ƙasa kusan ɗaya ne.

Ƙasar yankin Gure kuwa, kowa ya sani, rairayi ne. Ka zuba guga guda, kafin ka juya ta shanye. A cikin kwari, inda dabino yake, inda ake shuka rogo da albasa da rake, tudun rairayi na matsowa daga sama, kanwa na tasowa daga ƙasa. Irin wannan ƙasa babu abin da take so kamar ruɓaɓɓen ganye, domin shi ke riƙe mata danshi.

Amma a nan zan ja kunne, don na ji masu zuzutawa kamar an samu takin zamani kyauta. A'a. Sinadarin azot, abincin shuka, da ke cikin diddigar gahawa wajen kashi 2 ne cikin 100, alhali takin yuriya na da kashi 46. Kuma ɗanyarta na iya cuta. Akwai sauran sinadarin nan mai hana barci a jikinta, wanda ke danne tsiro tun yana ƙarami. Ka zuba ta ɗanya kan irin tumatir da ya fara leƙowa, sai ka ga ya tsumbure. In kuma ka shimfiɗa ta da kauri ta bushe, sai ta yi ɓawo, ruwa ya riƙa gangarewa ta kai. Ganyen shayi ma da nasa: sukarin da ya sha yana kiran tururuwa.

To yaya za a yi? A ruɓar da shi tukuna. A haƙa ɗan rami a inuwa, bayan ɗaki ko gefen garka. A zuba kashin awaki, a zuba ganyen shayin ko diddigar, a yayyafa toka kaɗan, a rufe da ƙaiƙayi ko karmami. Ruwan da aka wanke hatsi da shi, a juye a kai. Kada ganyen ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke ramin. Na sake faɗa, ɗaya cikin biyar. A riƙa juyawa lokaci-lokaci. Bayan wata biyu zuwa uku, ka sa hannu ka damƙo: ya yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Wannan shi za ka kai gindin zogale, ko ka zuba a ramin tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwan sama, kafin damina. Kuma a kare ramin da ƙaya, don diddigar gahawa guba ce ga kare, bai kamata a bar dabbobi su ci ta ba.

Uwargida, ke ma da rabonki. Diddigar gahawa na kankare gindin tukunya, tana kuma kashe ƙarnin kifi da warin albasa a hannu. Jiƙaƙƙen ganyen shayi kuma, a watsa shi a daɓe kafin shara lokacin hunturu, ƙura ba za ta tashi ba. Masu cewa hayaƙin diddiga na korar sauro, ni dai ba zan ce ku ajiye gidan sauro saboda shi ba. Yara su kwana a ciki.

Mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo, zancen gara da aikin da take yi a ramin tassa sai mako mai zuwa. Samarin fada na Gamu da kewaye, a samo tsohon gwangwani a ajiye kusa da murhun shayi tun yau.