Hama Amadou: Yadda hukuncin shekara ɗaya ya rufe wa jagoran Lumana ƙofar fadar shugaban ƙasa

A ranar 13 ga Nuwamban 2020 ne Kotun Tsarin Mulki ta fitar da sunayen waɗanda ta amince su tsaya takarar shugabancin ƙasa a zaɓen 27 ga Disamba na wannan shekara. Mutum 30 suka tsallake siraɗi, amma babu sunan Hama Amadou a cikinsu. Abin da ya tare masa hanya shi ne aya ta 8 ta kundin zaɓe, wadda ta haramta wa duk wanda kotu ta yanke wa ɗaurin shekara ɗaya ko fiye shiga rajistar masu zaɓe. Hukuncin da ke kan jagoran jam'iyyar MODEN/FA Lumana Afrika kuwa shekara ɗaya ce cif, a shari'ar da aka fi sani da badaƙalar safarar jarirai.

Da wannan ne burin mutumin da ya riƙe muƙamin faraminista sau biyu, ya kuma shugabanci Majalisar Dokoki, ya zo ƙarshe. Har ya koma ga Mahaliccinsa a 2024 'yan Nijar ba su daidaita a kan shari'ar ba: wasu na cewa doka ce ta yi aikinta, wasu na cewa bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa.

Daga duwan zuwa fadar Kountché

An haifi Hama Amadou a shekarar 1950 a garin Yuri da ke jihar Tilaberi, kusa da Yamai. Da aikin duwan ya fara, kafin gwamnatin soja ta Seyni Kountché ta jawo shi kusa. Ya shugabanci gidan rediyo da talabijin na ƙasa, ORTN, daga baya ya zama daraktan fadar shugaban ƙasa. A zamanin Ali Saibou ya riƙe muƙamin ministan yaɗa labarai.

Taron ƙasa na 1991 ne ya fito da shi fili. A lokacin da yawancin manyan tsohuwar gwamnati suka yi gum, ana yi musu tonon silili a gaban jama'a, Hama yana cikin 'yan ƙalilan da suka miƙe suka kare ta. Tun daga nan aka san shi da kaifin harshe da rashin tsoron taro. A wannan shekarar ya zama babban magatakardan MNSD Nasara, Tandja Mamadou kuma shugabanta.

A watan Fabarairun 1995, bayan da 'yan adawa suka samu rinjaye a majalisa, Shugaba Mahamane Ousmane ya naɗa shi faraminista ba da son ransa ba. Wanda ya hau kujerar shugaban majalisa a lokacin, abokin ƙawancen Hama, shi ne Mahamadou Issoufou na PNDS Tarayya. Zaman doya da manja aka yi tsakanin shugaban ƙasa da faraministansa, ana jayayya a kan naɗe-naɗen muƙamai da ma zaman majalisar ministoci, har Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su baki ɗaya a ranar 27 ga Janairun 1996.

Shekara bakwai a gefen Tandja

Da Tandja ya ci zaɓen 1999, Hama ya koma kujerar faraminista a farkon shekarar 2000, ya kuma shafe sama da shekara bakwai a kai. Magoya bayansa na tuna wannan zamani da daidaituwar biyan albashi bayan shekarun da ma'aikata suka sha bin gwamnati bashin watanni. Masu sukarsa kuwa ba su manta da 2005 ba, lokacin da aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara da sukari da garin alkama, abin da ya sa ƙungiyoyin farar hula suka tsayar da harkoki cik a Yamai da sauran manyan birane har gwamnati ta sassauta. A shekarar ce kuma yunwa ta addabi yankuna da dama, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Abin da ya fara karya shi shi ne badaƙalar MEBA, wato zargin almundahana da kuɗin da masu ba da agaji suka zuba domin ilimin firamare. An tsare tsofaffin ministocin ilimi biyu, Ari Ibrahim da Harouna Hamani, 'yan adawa kuma suka dage sai shi ma faraminista ya amsa tambayoyi. A ranar 31 ga Mayun 2007, 'yan majalisa 62 daga cikin 113 suka kaɗa wa gwamnatinsa ƙuri'ar yankan ƙauna, alhali a kan takarda ɓangaren masu mulki ne ke da rinjaye. Seini Oumarou ya gaje shi.

Bayan shekara ɗaya, a watan Yunin 2008, aka kai shi gidan kason Kutukale bisa zargin karkatar da miliyan 100 na CFA da aka ware domin tallafa wa kafafen yaɗa labarai masu zaman kansu. Shi dai ya ce an yi haka ne don a kawar da shi daga zaɓen 2009. Ya yi wata goma a tsare, shugabancin MNSD ya suɓuce masa, kuma ba a jima ba batun tazarcen Tandja ya fito fili. Ga magoya bayansa, wannan kaɗai ya isa hujja cewa gaskiya ya faɗa.

Lumana da ƙawancen da bai ɗore ba

A 2009 aka kafa Lumana, mai alamar doki mai fukafuki. Bayan juyin mulkin Salou Djibo na Fabarairun 2010, Hama ya tsaya takara a zaɓen 2011 ya zo na uku da kusan kashi 20 cikin 100. Ana gab da zaɓen ya shiga wani ƙawance da MNSD da CDS Rahama, amma da aka zo zagaye na biyu sai ya mara wa Issoufou baya a kan Seini Oumarou. Issoufou ya hau mulki, Hama ya zama shugaban Majalisar Dokoki.

Shekara biyu kacal auren ya yi. A watan Agustan 2013 Issoufou ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, Hama ya ce ba a yi shawara da shi yadda ya kamata ba, ya janye jam'iyyarsa daga ƙawancen masu mulki. Wasu ministocin Lumana, ciki har da babban magatakardanta Omar Hamidou Tchiana, suka ƙi bin sa. Daga nan mutum na biyu a tsarin mulkin ƙasa ya zama babban abokin hamayyar shugaban ƙasa, ga kuma zaɓen 2016 yana ƙaratowa.

Badaƙalar jarirai

Ana cikin wannan tsamin dangantaka ne, a watan Yunin 2014, aka fara kame a Yamai. Masu gabatar da ƙara sun ce an sayo jarirai kimanin 30 daga gidajen da ake tara 'yan mata masu ciki a kudancin Najeriya, aka biyo da su ta Jamhuriyar Benin, aka yi musu takardun haihuwa a matsayin 'ya'yan cikin wasu matan manya a Nijar. Laifin da ake tuhuma, a dokar ƙasa, shi ne jingina wa mace ɗan da ba ita ta haifa ba. Cikin waɗanda aka kama akwai ɗaya daga matan Hama, sannan a watan Agusta aka tsare ministan noma Abdou Labo, jigo a CDS Rahama.

A ranar 27 ga Agustan 2014 kwamitin gudanarwa na majalisa ya ba da izinin a gurfanar da shugabanta. Hama bai tsaya ba. Ya tsallaka Burkina Faso, daga can ya wuce Faransa, yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari. A watan Nuwamba aka zaɓi Amadou Salifou a madadinsa.

Hujjar lauyoyinsa ita ce babu wata uwa da ta fito ta ce an raba ta da ɗanta, kuma kafin a yi maganar laifi dole kotun da ke duba nasaba ta fara tantance ko 'ya'yan na wane ne. A watan Janairun 2015 kotun farko ta karɓi wannan hujja, ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar. A watan Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan mataki. Gwamnati kuwa ta tsaya a kan cewa laifi ne irin na kowa da kowa, kuma har da ministanta mai ci a cikin waɗanda aka tsare.

Takara daga kurkuku

A ranar 14 ga Nuwamban 2015 Hama ya dawo gida. Yana sauka daga jirgi aka kama shi, aka kai shi gidan kason Filinge mai nisan kusan kilomita 180 daga Yamai. Daga can ya yi takara, bai hau dandalin yaƙin neman zaɓe ko sau ɗaya ba, magoya bayansa na rera taken daga kurkuku sai fadar shugaban ƙasa. A zagayen farko na 21 ga Fabarairun 2016 ya zo na biyu da kusan kashi 18 cikin 100, Issoufou ya samu sama da kashi 48. Kwana huɗu kafin zagaye na biyu aka fita da shi zuwa Faransa neman magani, ƙawancen adawa na COPA ya ƙaurace wa zaɓen, Issoufou ya lashe da sama da kashi 92.

A ranar 13 ga Maris ɗin 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya a bayan idonsa, bayan lauyoyin da ke kare waɗanda ake tuhuma sun fice daga zauren. Kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2018, daga bisani ya rasa kujerarsa ta ɗan majalisa. A watan Nuwamban 2019 ya dawo bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya miƙa kansa aka mayar da shi Filinge domin ƙarasa wa'adinsa. A ƙarshen Maris ɗin 2020 ya fito cikin fursunoni sama da 1,500 da Issoufou ya yi wa afuwa saboda annobar korona. Afuwar ta buɗe masa ƙofar kurkuku, amma ba ta goge hukuncin ba, shi ya sa aya ta 8 ta riske shi wata takwas bayan haka.

Sauran labarin matasa da yawa sun gan shi da idonsu. Hama ya goyi bayan Mahamane Ousmane, mutumin da suka yi zaman 'yan marina da shi a 1995, yana kuma sahun gaba na masu tababa a kan takardun zama ɗan ƙasa na Mohamed Bazoum. Da aka bayyana nasarar Bazoum a Fabarairun 2021 tarzoma ta ɓarke a Yamai, aka rasa rayuka biyu, aka kama ɗaruruwan mutane, aka katse intanet na kwanaki. Hukumomi suka ɗora wa Hama alhakin tunzura jama'a, aka sake kai shi Filinge, sannan a ƙarshen Afrilu aka ba shi izinin fita neman magani. Bai dawo ba sai a Satumban 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ya rasu a Yamai ranar 23 ga Oktoban 2024 yana da shekara 74, hukumomi suka karrama gawarsa, aka yi masa sutura a Yuri.

Abin da rigimar ta binne

Wanda ya ce an yi amfani da kotu wajen kawar da abokin hamayya yana da abin nunawa: ƙarar ta taso ne wata goma bayan ɓallewar Hama daga ƙawancen masu mulki, kuma tsawon hukuncin ya yi daidai da abin da kundin zaɓe ke buƙata don hana takara. Wanda ya ce doka ta yi aikinta shi ma yana da nasa: ba Hama kaɗai aka hukunta ba, kuma gidajen sayar da jarirai a kudancin Najeriya abu ne da 'yan sandan can suka sha kai wa samame tun kafin wannan shari'a.

Sai dai yayin da ɓangarorin biyu ke ja-in-ja, an bar ainihin maganar a baya. Shekara da shekaru ana muhawara a rediyo da fada-fada da shafukan Facebook a kan makomar ɗan takara guda, kaɗan ne suka tsaya a kan 'yan matan da talauci ko tsoron abin kunya ke jefawa hannun masu cinikin jarirai, ko a kan yaran da suka tashi sunansu na yawo a bakin duniya ba da laifinsu ba. Haka nan ba a taɓo gorin da ake yi wa matar da ba ta haihu ba a gidajenmu, musamman inda akwai kishiya, gorin da ke iya tura mace ta nemi ɗa ta kowace hanya. Addini da al'ada sun yarda da riƙo, sun kuma kwaɗaitar da kula da maraya. Abin da suka hana shi ne sauya wa yaro nasaba. Shari'ar ta ba ƙasa damar tattauna wannan a fili, siyasa ta cinye damar.

Ita ma Lumana ta biya nata farashin. Jam'iyyar da ta samu kujeru 25 a majalisa a 2016 ta koma 19 a 2020, bayan rikicin shugabanci da ya kai 'ya'yanta gaban kotu. Tun da aka yanke hukuncin 2017 kowa ya san abin da aya ta 8 ta ƙunsa, amma jam'iyyar ta sake tsayar da Hama ba tare da tanadin wani ba, sai ga babbar jam'iyyar adawa ta shiga zaɓen shugaban ƙasa babu ɗan takararta a kan takardar ƙuri'a. Cutar ba ta Lumana kaɗai ba ce, domin yawancin jam'iyyun da aka kafa tun 1991 da sunan mutum ɗaya aka san su.

A watan Maris na 2025 hukumomin mulkin soja suka rusa dukkan jam'iyyun siyasar ƙasar, har da Lumana da PNDS da MNSD. Duk ranar da aka sake buɗe fagen, matasan da za su kafa sababbi za su gaji tambayoyi biyu da zamanin Hama bai amsa ba: yadda za a samu kotun da mai mulki da ɗan adawa za su yarda da hukuncinta, da kuma yadda jam'iyya za ta ci gaba da tsayawa idan jagoranta ya faɗi.