Tsara Manhajar Zaɓen Kwasa-kwasai

Kalmar manhaja an aro ta ne daga Larabci, kuma da farko tsarin darussan makaranta take nufi. Daga baya ma'anarta ta faɗaɗa, ta ƙunshi abin da ake ɗora wa waya ko kwamfuta domin ya yi wani aiki. A manhajar zaɓen kwas ma'anonin biyu sun haɗu.

Matsalar da za ta magance sananniya ce. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana jarraba ɗalibi a darussa huɗu, Ingilishi dole, sauran ukun kuwa fannin da yake nema ne ke ƙayyade su. Alal misali, ɗalibi daga Gagarawa mai son likitanci, in ya sa Lissafi a gurbin Bayoloji, ya yi asarar shekara guda komai yawan makinsa. Don haka wajibi ne manhajar ta fara tambayar sakamakon sakandare, sannan ta nuna fannonin da ya cancanta kaɗai, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko a Kwalejin Ilimi ta Gumel.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne kalmar kwas kanta. Tana nufin fannin da za a shekara uku ana karantawa, kamar Hausa da Larabci, tana kuma nufin darasin zango ɗaya. Mai tsarawa da bai rarrabe su ba zai rikita wanda ya zo taimako. Ya kamata kuma ta yi aiki ba tare da intanet ba, saboda ɗaliban ƙauyukan Maigatari da Sule Tankarkar.