Gaskiya ko Jita-jita: Sai An Rushe Tsohon Kanti Kafin Ya Yi Amfani?

Daga Kasuwar Kurmi a birnin Kano har zuwa garuruwa irin su Lajawa a ƙasar Wudil, duk wanda ya gaji tsohon shagon ƙasa zai sha shawara iri ɗaya: "Alhaji, rushe shi ka zuba bulo." Mu auna maganganun da ake kafa hujja da su.

"Ginin ƙasa ba ya ƙarko." Jita-jita ce. Gidan Makama yana da asali tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau ana shiga zaurukansa. Abin da ke kayar da soro shi ne sakaci. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, damina ta wuce ba a yi yaɓe ba.

"Shafen siminti shi ne maganin tsohon bango." Wannan ma jita-jita ce, kuma ta fi kowacce ɓarna. Bangon tubali yana shan laima yana fitar da ita. Idan aka rufe shi da siminti, laimar ta rasa hanyar fita, ta riƙa cin ƙasar daga ciki, har wata rana shafen ya ɓamɓare ya taho da fuskar bangon. Magina na da sun san maganin: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina. Su suna kore ruwan sama, bango kuma yana numfashi.

"Azara ta fi katako jure gara." Gaskiya ne. Itacen giginya yana da tauri, shi ya sa ake ɗaura rufi da bakan gizo da shi. Kafin a cire ko guda, a kira magini ya duba, a sauya wadda ta ruɓe kawai.

"Idan aka sauya aikin gini, tarihinsa ya tafi." Kano da kanta ta ƙaryata wannan. Bayan 1903 Turawa sun yi ofis a Gidan Makama, yau kuma gidan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen mulkin mallaka Hanns Vischer ya zauna a Nasarawa, yanzu Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar ce ke ciki. Aiki ya sauya, gini yana nan.

Haka shagonka zai iya komawa wurin ɗinki ko kantin magani. A ja wayar lantarki ta saman bango maimakon a sassaƙa shi, a nisanta famfo daga gindinsa, a bar zankwaye da zanen ƙofa yadda suke. Bulo ana samunsa kullum a bakin titi, amma bakan gizon da kakanka ya sa aka ɗaura, in ya faɗi, ba kasuwar da za ta sayar maka da shi.