Yawon Jakar Goyo a Zanzibar: Ina Kuɗin Ke Tafiya?

A hutun bara yayana da ke aiki a Darussalam ya biya mani kuɗin jirgi zuwa Tanzaniya. Da na ce ina son leƙa Zanzibar, sai ya miƙo mani guzurin da ba zai kai kwana uku a otal ba, ya ce, "Ka ji da kanka." Kwana tara na yi da shi.

Sirrin shi ne hostal. Ba wani sabon abu ba ne a wajenmu: ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu, mutum shida ko takwas, banɗaki na kowa da kowa. Kuɗin gado kake biya, ba na ɗaki ba. Bambancinsa da namu na makaranta shi ne maƙwabcinka na iya zama Bajamushe yau, gobe ɗan Kenya. Wasu ɗakunan a haɗe suke maza da mata, don haka ka tambaya tun kafin ka biya. Ni sai da na sauya masauki a daren farko saboda ban tambaya ba, kuɗin kuma ba su dawo ba.

Akwai kuɗin da ba a yi masu ciniki: biza, wadda ɗan Najeriya ke nema tun daga gida, da inshorar dala 44 da aka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024, da tikitin jirgin ruwa daga Darussalam, tafiyar kusan awa biyu. Inda dabara ke aiki shi ne ci da zirga-zirga.

Yawancin hostal suna da kicin. Mu huɗu muka riƙa haɗa kuɗi, mu sayo shinkafa da kifi da kwakwa a kasuwar Darajani, mu dafa tukunya ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da dare akwai dandalin Forodhani da ke bakin teku, amma farashin can na 'yan yawon buɗe ido ne. Ka shiga lungunan tsohon gari ka sha urojo, wato romo mai tsami-tsami da dankali, kan kuɗi kaɗan.

Zuwa Nungwi a arewa ko Paje a gabas, ka bar tasi, ka hau daladala, motar hayar 'yan gari. Za a matse ku kamar a motar kasuwar ƙauye, amma abin da za ka biya bai kama ƙafar kuɗin tasi ba.

Abin da ake sadaukarwa kuwa shi ne sirri da barci. Wani zai yi minshari, wani ya dawo ƙarfe biyun dare. Ka tafi da kwadon kulle loka, ka duba gidan sauro ko ya huje, fasfo kuma kada ya rabu da kai. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi: gado kan yi araha, amma wanki ba ya bushewa.

Galibin mutanen tsibirin Musulmi ne, ban taɓa wahalar neman masallaci ba. Asuba suna ce mata "asubuhi", sabulu kuma "sabuni". Duk wanda ya iya zaman ɗakinmu na mutum takwas, wallahi ya riga ya ci rabin jarrabawar.