Jami'ar Ɗanfodiyo Tana Bakin Ƙofarmu, Ina 'Ya'yanmu?

A shekarar 1975 gwamnatin tarayya ta ƙudurta ƙara yawan jami'o'in Najeriya, domin waɗanda ake da su a lokacin, irin su Ibadan da Zariya da Nsukka, sun yi wa ƙasar kaɗan. Sakkwato ta samu rabonta tare da Maiduguri da Jos da Kalaba. Sai dai kafa jami'a a takarda daban, buɗe aji daban. Ba a fara karatu ba sai a watan Oktoba na 1977, da ɗalibai 93 da malamai 33, a mazaunin wucin gadi da ke cikin gari, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Shehu Galadanci. A watan Nuwamba na 1980 aka yaye rukunin farko, mutum 72 kacal. Wata sakandare ta ƙauye a yau ta fi haka ɗalibai.

Daga nan abu ya yi ta haɓaka. Aka soma ƙaura zuwa mazaunin dindindin a wajen Dundaye, ƙetaren gulbin Rima. Farfesa Mahdi Adamu, masanin tarihin Hausawa, ya karɓi ragama. A 1988 aka sauya sunan daga Jami'ar Sakkwato zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma sunan ya dace, don Shehu malami ne tun kafin ya zama jagoran jama'a. Yanzu akwai tsangayar aikin gona, da ta likitancin dabbobi, da ta shari'a, da kwalejin koyon likitanci mai asibitin koyarwa, inda mutanenmu ke kai marasa lafiya idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shugabance ta, Farfesa Tijjani Muhammad Bande, har ya zama shugaban Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019.

Mu mutanen gabashin Sakkwato ruwa guda muke sha da wannan jami'a. Wanda ya shaida daminar 2010 ba zai manta ba. Ambaliyar da ta cinye gonaki da gidaje a yankin Goronyo da Wurno ita ce ta gangara ta ɓalle gadar da ta haɗa jami'ar da gari. Malami da ɗalibi da mai tallar abinci suka koma jiran kwalekwale a bakin ruwa, kowa na ɗage kayansa sama kada su jiƙe. Abin da ya taɓa mu ya taɓa ta.

To, amma a wajen cin moriya fa? Nan ne zuciyata ke sosuwa. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, mai rubutun littattafai, kuma can aka rufe shi a 1837. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya kafa jami'ar Zariya a 1962. Goronyo na da madatsar ruwa da ake noman rani da ita. Shinkafa da albasa da tafarnuwar da muke nomawa suna neman masana cutar shuka da dabarun adana amfani, shanunmu da awakinmu suna neman likita. Ga makarantar da ke koyar da duk wannan, tafiyar da ba ta kai yini ba, amma yaro zai gama sakandare ya tafi ci-rani, uban kuma ya ce jami'a ta 'ya'yan manya ce.

Ba haka ba ne. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Ɗan Jihar Sakkwato yana da ƙofa fiye da ɗaya ke nan. Abin da ake nema gare shi shi ne sakamako mai kyau a darussa biyar na WAEC ko NECO, har da Turanci, da lissafi ga mafi yawan fannoni, sai lambar NIN, sai ya zauna jarrabawar JAMB. Wanda kuɗin makaranta ya gagara, tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND.

Na san halin da ake ciki. Rashin tsaro ya raba iyalai da garuruwansu, ya rufe azuzuwa, talauci kuma ya yi katutu. Wannan ne ma ya sa bai kamata a bar yaron da ya jure ya kai ƙarshen sakandare ya tsaya a nan ba. 'Ya'ya mata kuwa, ƙasar da Nana Asma'u ta tura malamai mata ƙauye-ƙauye suna karantar da mata ba ta da hujjar tsare su a gida.

Ya ku iyaye, da hakimai, da masu hali, da 'yan ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu: idan lokacin rajistar JAMB ya zo, ku nemi yaran unguwa da suka gama sakandare, maza da mata, ku duba takardunsu, ku haɗa hannu ku biya wa wanda ba shi da shi.