Hoton Ragon Layya



Bara, saura kwana huɗu Babbar Salla, wani dattijo maƙwabcinmu a nan Aboabo ya aiko in zo in sa wa ragonsa albarka. Ɗansa da ke Jamus ne ya saya masa. Dillali ya aika wa yaron hoto ta waya, ya ga Balami fari tas, ƙaho a murɗe, nan da nan ya aiko da kuɗi. Da na zagaya ɗaya gefen, sai ga idon hagu ya mutu. To, kun san mai ido ɗaya ba ya isar wa layya in abin ya bayyana, haka gurgu, da majinyaci, da ramamme ƙwarai. Dattijo ya ce dillali ya ci amana. Na ce, “Baba, a dakata tukuna. Rago mai ido ɗaya, mai lafiyar yake juyo wa mutum, gama da shi yake tsaron kansa.” Watau mai yiwuwa ragon ne ya zaɓi gefen da aka ɗauka. Ko da yake dillalin da bai san idon ragonsa ba, sai a hankali.

Wannan ya sa na bi wani tsohon almajirina, wanda ɗaukar hoto ce sana'arsa yanzu, muka wuni a kara wajen mayankar Kumasi, in ga yadda dabbobi ke karɓar mai hoto.

Allah ya sa wa tunkiya idanu a gefen kai, ƙwayar kuma a kwance, har tana ganin kusan duk kewayenta ba tare da ta juya ba, sai dai bayanta sosai. Amma ba ta iya auna nisa da kyau. Saboda haka in baƙo ya nufo ta a tsaye, ya ɗaga wani abu baƙi wajen fuskarsa, ita maƙiyi ta gani. Ɗaya ta zabura, duka su bi, mai hoto ya tashi da wutsiyoyi. Sai dai ba su yin nisa. Su ɗan ruga, su tsaya, su juyo gaba ɗaya suna kallonka, wata har ta buga ƙafa a ƙasa. Yaron nan lokacin yake jira. Ya tsuguna, ya kau da kai kamar ba ruwansa, sa'an nan ya ɗauka. Ya ce in ka ware rago shi kaɗai, ba ya tsayawa, sai kuka da fizgar igiya. A bar masa ɗan'uwa kusa.

Akuya kuwa ba kunya, ita ce ta zo tana tauna masa igiyar jaka. Shanu suka matso suka yi mana da'ira suna huci, har na fara karanta abin da ya sawwaƙa.

Kada ku ce tunkiya wawa ce. A 2001 masana a Ingila sun nuna tana riƙe fuskokin tumaki 50 har shekara 2. A 2017 kuma, a Jami'ar Kambirij, aka koya wa tumaki 8 gane fuskar mutum a hoto, har da ta Obama, suka gane. Ashe ta san mai ba ta dusa, ta san baƙo. Don haka mai kiwonta ya tsaya kusa da mai hoto da ƙwarya a hannu, sai ta ɗaga kai ta natsu.

Ga kuma inda ake cutar mai saye. In an kwantar da waya ƙasa, ɗan ragonmu gajere na kurmi sai ya fito kamar Uda da aka sauko da shi daga Nijar ta Paga. In an haska wuta da dare, idanu biyu su yi ƙyalli kore, ba ka tantance lafiyarsu. Ɗingishi kuwa ba ya fita a hoto ko kaɗan.

To, ku gaya wa 'ya'yanku na Jamus da Amurka: su nemi gefen dama da na hagu, da rana, mutum na tsaye kusa da ragon. A buɗe baki a nuna haƙora, gama manyan biyu na gaba suna fitowa tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi. Sa'an nan a kora shi ya yi tafiya a bidiyo.

Dattijon namu, sarkin zango ya shiga tsakani, dillali ya karɓi ragonsa, aka yi ciko aka kawo wani ran jajibere da la'asar. Wannan sai da na zagaya shi sau biyu.