Ambato da ma'aunin h: misali daga Madarunfa

Kalmar da muka zaɓa a madadin «citation» ta Faransanci ita ce «ambato», watau marubuci ya kafa hujja da aikin wani a cikin nasa. A 2005 Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin h: idan aka ce mai bincike yana da h 20, ana nufin yana da maƙaloli 20 waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 20.

Mu ɗauki misali daga gundumar Madarunfa, wadda Safo ke cikinta. A 2017 Sheila Isanaka da abokan aikinta na Epicentre sun buga, a mujallar New England Journal of Medicine, sakamakon gwajin Rotasiil, riga-kafin ƙwayar rota mai sa yara zawo. Cikin jarirai 3,508, riga-kafin ya rage zawo mai tsanani na wannan ƙwaya da kashi 66.7 cikin ɗari. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

Abu biyu muke lura da su. Na farko, kowane ambato na wannan maƙala ana rubuta wa duk marubutanta ɗaya-ɗaya, ba tare da an bambance rabon kowa ba. Na biyu, kundayen da ake ƙirga ambato a cikinsu sun fi ɗaukar mujallun Ingilishi. Aikin Faransanci kaɗan ke shiga, balle na Hausa. Saboda haka, kafin mu auna abokin aiki da lambar h, wajibi ne mu karanta abin da ya rubuta.